Biyu Cikin Talatin

Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara, kuma aikin janareta yana tafiya yadda ake so. Yaya yatsan da ƙarfe ya datse? Mama ta ce ka kwance bandejin bayan kwana biyu, alhali mako guda aka ce maka. Don Allah ka mayar.

Na zaɓi rubutu ne saboda duk sanda na kira ka ƙarar inji ta fi muryata, abin da zan faɗa kuwa ba na ihu ba ne.

Yau kwanana goma sha bakwai da fara aiki. Mama ta gaya maka an tura ni koyar da Turanci a sakandare, amma na roƙe ta kada ta faɗi wacce. To, taku ce, Yaya. Ba kuskuren ofis ba ne. A takardar zaɓi akwai gurbi uku, duka ukun ita na rubuta.

Kuma yana nan. Jan Biro. Yanzu shi ne shugaban sashen Turanci, wato a ƙarƙashinsa nake. Ya yi furfura, ya ajiye tumbi, amma har yau biro uku ne a aljihun gabansa, duka ja. Bai san ko ni wace ce ba. "'Yar jami'a" yake kirana, yana jan kalmar kamar zagi.

Bai daina abin nan ba. Duk Litinin a taron safe yana zaro insha'in da ya ce ya fi lalacewa, ya hau dakali, ya karanta shi da muryar wasa, ya kira sunan mai shi. Sau uku na gani da idona. Ɗalibai wajen ɗari bakwai suna dariya, ni kuma ina tsaye a layin malamai.

Shekarata tara a lokacin, amma ban manta ba. Ka dawo gida kafin azahar, ka rataye rigar makaranta a bayan ƙofa, ba ka ƙara sa ta ba. Ka rubuta yadda Baba, Allah ya ji ƙansa, yake gyaran agogo ne, shi kuma ya karanta yana kwaikwayon ƙarar agogo bayan kowace jimla, har yaran layinmu suka shekara suna kiranka Tik-tak. Takardar tana hannuna. Na ɗauko ta daga ƙasan akwatin Mama. Biyu cikin talatin, an ja layi biyu a ƙarƙashi.

An ba ni ajin ƙarshe na D, ajinka. Su talatin da takwas ne, maza ashirin da ɗaya, mata goma sha bakwai. Insha'in farko da na bayar, mutum tara suka kawo, mafi tsawo layi shida. Na ɗauka lalaci ne, sai da wani da suke kira Dogo, wanda ya fi ni tsawo da kusan taƙi guda, ya ce daga kujerar baya, "Malama, wanda bai rubuta ba ai ba a karanta shi ranar Litinin. Bulala biyar ta fi dariyar mutum ɗari bakwai sauƙi."

Ga abin da ke hana ni sukuni. Nan da mako goma sha ɗaya akwai jarrabawar tacewa. Wanda bai sami goma sha biyar cikin talatin a insha'i ba, makaranta ba za ta sa sunansa a jarrabawar fita ba. Jan Biro kaɗai ke duba takardun. Na duba fayil ɗin bara: cikin 'yan D arba'in, huɗu suka wuce.

Ban zo don in gaishe shi ba, Yaya. Ban san yadda zan yi ba tukuna, amma sai ya biya.

Ka gaishe da Anti, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na ji yatsa ya warke, alhamdu lillahi. Direban motar kaya ya kawo mini amsarka. Layi huɗu ne, na ƙirga, uku daga ciki kuma "ki bar shi da Allah" ne da kalmomi daban-daban. Na bar shi da Allah, Yaya. Amma sau da yawa Allah da hannun bayinsa yake sakayya, ni kuwa ina da hannu biyu.

Bari in gaya maka yadda nake fama da 'yan ajina. Na fara da abin da aka koya mana a jami'a. Na raba su rukuni-rukuni, suka yi hira. Na manna tauraron takarda ga wanda ya amsa tambaya, suka maƙala wa junansu a ƙeya. Na kawo waƙa, wata ta tambaye ni ko raino aka turo ni. Na koma ɗakina na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Sai na tuna maganar Dogo. Yaran nan Litinin suke tsoro, Turanci bai yi musu komai ba. Na ɗauko tsohon akwatin ƙarfen Baba na kayan aiki, na sayi kwaɗo, na ajiye shi a kan teburin aji. Na kafa doka uku. Kullum minti goma na farko kowa ya rubuta abin da ya ga dama. Ba maki, ba jan biro, da fensir zan amsa a ƙasa. Makulli a wuyana yake, ba mai gani sai ni.

Ranar farko takarda goma sha ɗaya aka jefa, huɗu babu komai a jiki. A rana ta uku na yi abin da ba ya cikin kowane littafin koyarwa. Na ba su labarin wani yaro ɗan D da ya rubuta aikin mahaifinsa shekara goma sha uku da suka wuce. Ban faɗi suna ba. Na faɗi makin, na faɗi ƙarar agogon, na faɗi rigar bayan ƙofa.  Na ce musu, "A fayil an riga an rubuta cewa huɗu ne za su wuce cikinku. In kun yarda da lissafinsa, ku ci gaba da kwanciya a kan benci."

Ranar takarda talatin da biyar na samu. Malamanmu na jami'a sun lissafa abubuwan da ke zaburar da ɗalibi, yabo da kyauta da sha'awa. Ba su sa haushi a ciki ba, amma wallahi ya fi su ƙarfi. Ina jin tsoron abin da na kunna, sai dai yana ci.

Ashe suna da abin faɗa. Wata ta rubuta yadda take gane halin mahaifiyarta daga yadda ta ajiye tukunya. Dogo yana aiki a shagon kujeru bayan an tashi, ya rubuta cewa in ya farke tsohuwar kujera yana iya sanin gefen da maigida ke zama da gefen da ba mai zuwa. Kuskure fal, amma ka ji mutum yana magana. Kowace takarda kuskure ɗaya tak nake zaɓa, wanda ya fi maimaituwa, in nuna a hankali. Gobe wani.

Labari ya kai wa Jan Biro. Ya tare ni a ofishin malamai, gaban mutum shida, ya ce in kawo takardun akwati ya zaɓi ta Litinin. Na ce ba insha'in makaranta ba ne, atisaye ne, akwatin ma na mahaifina ne. Hannuna na kan makulli. Ya yi dariya ya ce, "'Yar jami'a, kina shuka a kan siminti. Shekara ashirin da shida ina nan, D ai D ne."

Na maimaita wa 'yan ajina maganar harafi da harafi. Na san ba daidai ba ne malama ta kai tsegumin ofis cikin aji, na yi da gangan. Washegari na tarar sun rubuta "'Yan Siminti" da alli a jikin akwatin. Yanzu minti goman ba ya isarsu, sai na ƙwace takarda.

Saura mako bakwai. Ka sa mu a addu'a, ko da ba ka yarda da niyyata ba.

Taka,
Auta

*

Yayana,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri, yau ba zan iya dogon tambayar lafiya ba. Ina fatan kowa lafiya.

Jan Biro ya taɓa mini Dogo.

Duk wata akwai insha'in da sashe ke bayarwa, wannan dole a kai masa. Karon farko 'yan ajina duka talatin da takwas suka rubuta, kowa ya cika shafi. Na kai masa da hannuna, na zauna a teburin da ke fuskantar nasa kamar ina cike rajista, agogon Baba yana wuyan hannuna. Takardun 'yan A arba'in da biyu, ya yi awa ɗaya da minti hamsin a kansu. Na D, minti goma sha ɗaya. Na raba, daƙiƙa goma sha bakwai ke nan ga kowace takarda. Ba ya karantawa, Yaya. Yana duba harafin aji a sama, ya leƙa layin farko, ya zana lamba. Mafi girma bakwai.

Ranar Litinin ya hau dakali da takardar Dogo. Ya karanta yana danna iska kamar mai gwada laushin kujera. Aka yi dariya. Ban da layin 'yan D, su ko murmushi ba su yi ba, wannan kaɗai ya riƙe ni a tsaye. Dogo bai jira ƙararrawa ba, ya fita ta ƙofar baya. Kwana huɗu bai zo ba.

Ranar Juma'a da aka tashi na je shagon. Na same shi yana cusa soso a hannun kujera, bakinsa cike da ƙananan ƙusoshi. Ya tofar da su a tafinsa ya ce, "Malama, ke kika ce in rubuta." Ban taɓa jin maganar da ta soke ni haka ba, don gaskiya ce. Ni na fito da shi daga maɓoyarsa, na miƙa shi.

Na yi maka laifi a nan, ina neman gafara. Na fito da takardarka na nuna masa, na ce yaron labarin yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya karanta ta a tsaye har ƙarshe. Ya ce, "Wannan ne biyu?" Ya dawo ranar Litinin.

Yanzu ga abin da nake so. Na karanta littafin ƙa'idar jarrabawa na makaranta daga bango zuwa bango, sau biyu. A shafi na goma sha huɗu an ce kafin a duba jarrabawar tacewa, malaman sashe su zauna su ba wasu takardun gwaji maki, ba suna ba aji, don a ga ko ma'auninsu ɗaya ne. Ba a taɓa yi ba. Na kai wa Shugabar makaranta, wadda shekararta biyu kawai a nan, iyaye kuma sun ishe ta da ƙorafi. Ta sa tabarau ta karanta, ta ce a yi, ni ce ƙarama ni zan haɗa takardun.

Ka san bai canza kan insha'insa ba tun zamaninku? Har yau "Aikin mahaifina" yake bayarwa a zangon farko. Ina so in sa taka a ciki. Mai buga takardu za ta buga ta, ba wanda zai ga rubutun hannunka. Amma taka ce, ciwon ma naka ne. In ka ce a'a, na bari, ko da zan haɗiye zuciya.

Ina jiran direba ranar Laraba.

Auta

*

Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Da fatan ka tashi lafiya, da Anti da yara. Na ji ƙaramar ta yi haƙori, Allah ya raya.

Amsarka layi ɗaya ce: "Kada ki gyara ko harafi ɗaya." Na daɗe ina kallonta. Ashe mai cewa a bar shi da Allah shi ma bai manta ba.

Ban gyara ba. Kuskure goma sha huɗu ne a takardarka, na zauna kusa da mai bugawa na tabbatar duka goma sha huɗun sun shiga, har da waƙafin da ka manta a layi na tara. Na haɗa takardu shida: uku na 'yan A, biyu na 'yan ajina waɗanda ya ba uku da biyar a cikin minti goma sha ɗayan nan, sai taka, lamba huɗu.

Jiya ƙarfe goma muka zauna a ɗakin karatu, malamai biyar da Shugaba. Ban iya karya kumallo ba. Sau uku na buɗe jakata in tabbatar takardarka ta asali tana ciki. Tsorona ɗaya, kada Jan Biro ya gane ta.

Da yake Shugaba na kallo, ya karanta a tsanake, yana gyaran murya, yana koya mana yadda ake yi. Da ya zo lamba huɗu ya daɗe. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Kun gani? Wannan nawa ne, ɗan A ne, daga numfashinsa na sani. Ku ji yadda ya kwatanta hannun uban yana rawa har sai ya riƙe ƙaramin hantsaki, sannan ya tsaya cak. Akwai kurakurai, amma yaron yana da ido." Ya zana ashirin da ɗaya, ya sa hannu. Na 'yan ajina ya ba su goma sha shida da goma sha takwas.

Shugaba ta ce in faɗi masu takardun. Na miƙe. Na ajiye na 'yan ajina biyu na asali kusa da bugaggun, uku a gefen goma sha shida, biyar a gefen goma sha takwas. Sannan na warware taka. Ta yi ruwan ƙasa, ta tsage a lanƙwasa, amma jan bai dushe ba. Biyu a hagu, ashirin da ɗaya a dama, sa hannu iri ɗaya, har da wutsiyar da yake ja a ƙarshe.

Na ce, "Malam, wannan ɗan D ne. Ka karanta shi a dakali shekara goma sha uku da suka wuce. Bai sake shiga aji ba. Yayana ne."

Na yi shekaru ina shirya jawabi mai tsawo, wannan kaɗai ya fito.

Ya ce rubutun hannu ne ya ɓata. Malamar adabi ta jawo takardar ta ce, "Haba Malam, wannan rubutun ai ya fi naka kyau." Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ya ce tarko aka ɗana masa. Shugaba ta ce, "Shafi na goma sha huɗu ne, ba tarko ba." Ya laluba aljihu kamar mai neman biro na huɗu. Na kalli kunnuwansa, na kalli zufar da ke bin wuyan rigarsa, ban ɗauke ido ba. Allah ya yafe mini, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Shugaba ta yanke hukunci nan take. Takardun tacewa za a rufe suna da aji, a sa lamba, malamai biyu su duba kowace. Karatun Litinin kuma an dakatar.

Saura kwana goma sha biyu. Yanzu ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi, kuma wannan ma yana ba ni tsoro.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan alheri ga duk gidan.

Sakamako ya fito. Ashirin da bakwai cikin talatin da takwas. Dogo ya sami goma sha tara. Da aka kafe takardar sun ɗauki akwatin Baba a ka sun zaga aji da shi, sai da na tsawatar. Goma sha ɗaya ba su wuce ba, biyu daga ciki da maki ɗaya tak. Su ba Jan Biro ya kayar da su ba, mako goma sha ɗaya ne bai isa ya biya shekara biyar ta shiru ba. Shugaba ta yarda su sake zama a zango mai zuwa, akwati yana nan a buɗe gare su.

Ni ma na sami nawa rabon. A rahoton da Jan Biro ya rubuta a kaina ya ce ba na girmama na gaba, don haka an ɗage tabbatar da ni a aiki da wata shida. Na kwana biyu ina juya abin a raina, sannan na yi lissafi: wata shida a gefe ɗaya, mutum ashirin da uku da aka ƙara a kan huɗun bara a ɗaya gefen. Ban yi asara ba.

Ka tambaye ni abu ɗaya, na so in tsallake, amma ba na yi maka ƙarya. A'a, Yaya. Bai tuna ka ba. Na tare shi a baranda na tambaye shi, ya dube ni da idon gaskiya ya ce, "Yara nawa na karanta a dakalin nan?" Wannan ya fi maki biyun nan zafi. Ya kore ka daga makaranta, a wajensa kuma wata Litinin ce kawai cikin ɗaruruwa. Ban yafe masa ba. In kai ka yafe, hakkinka ne, nawa yana nan.

Sai dai daga yanzu zai tuna. Shugaba ta sa an buɗe fayil na ma'aunin maki, wanda shugaban sashe zai riƙa karanta wa malamai a farkon kowane zango kafin a taɓa takardar ɗalibi. Takardarka ce misalin ashirin da ɗaya, an liƙa hoton tsohuwar a gefenta. Saura masa shekara huɗu ya yi ritaya, zango uku a shekara. Sau goma sha biyu zai tsaya ya karanta hannun Baba da bakinsa, ba ƙarar agogo, ba dariya. Zan zauna a kujerar gaba duka goma sha biyun.

Ga takardun biyu na asali a cikin ambulan. Ka ci, Yaya. An makara da shekara goma sha uku, amma da bironsa aka rubuta.

Wasiƙarka ta ƙarshe shafi biyu ce, kuma da Turanci. Na karanta sau huɗu. Ka san halina, idona ya ƙirga abin da ya ƙirga, amma ko fensir ban ɗauka ba. Na jefa ta a akwatin Baba tare da na 'Yan Siminti. Dokar minti goma ce kullum, kada ka ce ban gaya maka ba.

Ka gaishe da Anti da yara. Mama ta ce ka zo da kanka ta ga yatsan.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta